Wa Zai Tsawata a Wurin Gini? Leburori da Dokar Kare Rai a Unguwar PK5

Unguwar Kilomita Biyar, wadda kowa a Bangui ke kira PK5, ta samo sunanta ne daga nisan da ke tsakaninta da tsakiyar birni idan ka bi titin Barthélémy Boganda. Nan ce cibiyar kasuwancin babban birnin Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, nan Babban Masallaci yake, nan kuma Hausawa da Fulani da Barebari da Larabawan Chadi da mutanen Mali da Senegal suka daɗe da kafa gidaje da shaguna. Bayan 'yan tawayen Seleka sun karɓe Bangui a watan Maris na 2013, sannan 'yan bindigar Anti-Balaka suka afka wa birnin ranar 5 ga Disamba na wannan shekarar, unguwar da makwabtanta sun sha ƙone-ƙone da rusau. Musulmin Bangui da a da suka haura 100,000, a lokacin da Fafaroma Francis ya shiga Babban Masallaci ranar 30 ga Nuwamba 2015, waɗanda suka saura a PK5 ba su wuce kimanin 15,000 ba. Kiristocin unguwannin da ke kewaye, irin su Boulata da Kokoro da Fondo, su ma sun bar gidajensu, da yawa suka tare a sansanin da ke filin jirgin saman M'Poko har zuwa lokacin da aka rufe shi a ƙarshen 2016 da farkon 2017.

Da mutane suka fara komowa, kango suka tarar. Wannan ne ya sa gini ya zama ɗaya daga cikin sana'o'in da ke ɗaukar matasa a wannan yanki: a ta da katangar da ta faɗi, a mayar da rufin da aka kwashe kwanonsa, a gyara masallaci, ɗan kasuwa kuma da ya farfaɗo ya ɗora bene a kan shagonsa saboda fili a bakin kasuwa ya yi tsada. Masu wannan aiki galibinsu leburori ne na yini, ba takardar ɗaukar aiki, ba rajista, ba wanda ya san cikakken sunansu sai birkilan da ya kira su. Idan ɗayansu ya faɗo daga bene, wa ke da alhaki? Kafin ya faɗo ɗin kuma, wa ke da bakin da zai ce a dakata?

A takarda, ƙasar ba ta rasa doka ba. Akwai Dokar Ƙwadago mai lamba 09.004 ta 29 ga Janairu 2009, wadda ta ɗora wa mai ɗaukar ma'aikata nauyin kare lafiyarsu da rayukansu a wurin aiki, ta kuma ba sufetocin ƙwadago ikon shiga su duba. Akwai asusun kula da ma'aikata na ƙasa, CNSS, wanda ke biyan kuɗin magani da diyya ga wanda ya yi haɗari a bakin aiki, muddin maigidansa ya yi masa rajista yana kuma biyan kason da aka yanka. A 1964 ƙasar ta rattaba hannu a kan yarjejeniyar Hukumar Ƙwadago ta Duniya mai lamba 62, wadda aka tsara a 1937 musamman don kare masu aikin gini kafin a soke ta a 2024, wato ta yi magana a kan tsani da gadon katako da magina ke tsayawa a kai da igiyoyin ɗaga kaya. Hukumar ta daɗe da ƙiyasta cewa kimanin mutum 60,000 ke mutuwa duk shekara a wuraren gini a duniya, kusan ɗaya cikin kowane shida na mace-macen da haɗarin wurin aiki ke jawowa.

Sai dai duk wannan tsari an gina shi ne a kan zaton akwai kamfani mai ofis da littafin albashi, akwai kuma sufeto mai abin hawa da man da zai kai shi. A PK5 yawancin gine-gine ba kamfani ke yin su ba. Alhaji ne ya tara kuɗinsa, ya kira babban magini da ya sani, suka yi jinga da baki, shi kuma maginin ya tattaro yaransa da leburori. Idan kuɗi sun ƙare a tsaya, idan kaya sun iso daga Duwala ta Kamaru an sayar a ci gaba. Sufeto ko da ya zo, wa zai rubuta wa takarda? Alhaji zai ce shi bai ɗauki kowa aiki ba, jinga ya bayar. Magini zai ce shi ma ɗan ƙwadago ne.

Akwai kuma wani abu da ya keɓanta da wannan unguwa, wanda duk mai son ya kawo doka cikinta ya kamata ya sani. Shekaru da dama, waɗanda ke tilasta wa mutane bin umarni a PK5 ba jami'an gwamnati ba ne, ƙungiyoyin 'yan bindiga ne da suka fara da sunan kare kai, suka koma karɓar haraji daga 'yan kasuwa da masu motocin kaya. Shahararre a cikin shugabanninsu shi ne Nimery Matar, wanda ake wa laƙabi da Force, ya mutu a 2019. A watan Afrilu na 2018 dakarun Majalisar Ɗinkin Duniya na MINUSCA da jami'an tsaron ƙasar suka yi yunƙurin murƙushe su da farmakin da aka kira Sukula, aka zubar da jini, ba a cimma buri ba. Sai a ƙarshen Disamba 2019 'yan kasuwa da kansu suka gaji da biyan harajin suka yi fito-na-fito da su, sama da mutum 30 suka mutu, shaguna suka ƙone. Mutumin da ya rayu cikin wannan hali, idan ya ga baƙo ya tsaya a ƙofar gininsa da littafin rasit yana maganar tara, abin da zai fara zuwa ransa shi ne an sake zuwa karɓar kuɗi, an dai canza riga. Zai biya abin da zai biya a rabu lafiya, gadon katakon nan kuma da ke rawa ya ci gaba da rawarsa. A ganina duk shirin da zai fara da tara a PK5 ya mutu tun kafin a haife shi.

Bari mu duba aikin da kansa, domin masu rubuta doka sau da yawa ba su taɓa tsayawa a wurin gini ranar zubin dakin ba, wato ranar da ake zuba kankaren rufin bene. Aiki ne da ba ya son a tsaya a tsakiya, don kankare idan ya fara bushewa aka ɗora masa sabo, wurin haɗin yakan zama rauni. Saboda haka tun da asuba ake tara leburori, wasu na kwaɓa siminti da yashi da tsakuwa da shebur a ƙasa, wasu na cika kwanon sarki, wasu na ɗauka a ka su hau wani katako da aka jingina aka kakkafa masa gutattsarin itace a matsayin matakala. Mai hawa da mai sauka a katako ɗaya suke gogayya. Ruwan siminti na zuba a kansa yana sa shi santsi. Yawancinsu silifas ne a ƙafarsu, wasu sun ɗaura leda ko yagaggen buhun siminti don kada ruwan ya ci su, domin jiƙaƙƙen siminti yana ƙona fata kamar yadda kanwa mai ƙarfi ke yi, kuma ba a jin zafin sai bayan awoyi, lokacin da tsakanin yatsu ya riga ya saluɓe. A sama, rodi ya miƙe tsirara a bakin kowace fila, bakin benen babu komai da zai tare wanda ya zame. A ƙarƙashi kuma, sandunan itace ne ke riƙe da nauyin dukan abin da ake zubawa, da na mutanen da ke kai. Idan aka ce wayar lantarki ta bi ta gaban ginin, mai ɗaga rodi mai tsawon mita 12 yana wasa da ransa ne ba tare da ya sani ba. Wutar Bangui da ake kawowa daga Boali zuwa take tana ɗaukewa, sai yaro ya ɗauka babu wuta a wayar, alhali ana iya maido ta a kowane lokaci.

A irin wannan rana, me hular kwano za ta hana? Tana da amfani, ba musu, ga wanda ke ƙasa bulo ko guduma ta faɗo masa. Amma manyan abubuwan da ke kashe leburori, faɗowa daga sama ne, da ruftawar rami, da rushewar abin da ake ginawa, da wutar lantarki, kuma babu ɗaya daga cikinsu da lebura ke da iko a kansa. Ba shi ya sayi katakon ba. Ba shi ya yanke shawarar yawan sandunan da za a tokare dakin da su ba. Ba shi zai ce a bar tokaran nan su yi mako uku ba, alhali kankare sai ya kai kwana 28 yake cika ƙarfinsa, mai gini kuma yana son a cire katakon a kai wani wuri don kada ya sayi sabo. Shi ya sa duk lokacin da na ji ana cewa a kori lebura ko a yanke masa kuɗin yini saboda bai sa hula ba, nakan ga an bar jaki ana dukan taiki.

Batun rami ma haka yake, kuma an fi raina shi. Bangui gari ne mai ruwan sama da yawa, damina na ɗaukar fiye da rabin shekara, wasu sassan gunduma ta uku kuma inda PK5 take ƙasa-ƙasa ne, ruwa na kwanciya. Ana haƙa masai da rijiya da ramin tushen gini a cikin ƙasar da ta sha ruwa. Ƙasar da za ta cika akwati mai mita ɗaya ta kowane gefe nauyinta ya wuce tan ɗaya da rabi, don haka ko iya ƙirji ta rufe mutum, numfashi na iya gagararsa kafin a tono shi. Ka'idar da aka sani a ko'ina ita ce ramin da ya wuce kusan mita ɗaya da rabi a tokare bangonsa ko a buɗe bakinsa ya yi gangare, ƙasar da aka fitar kuma kada a tara ta a gaɓar ramin. Tsohuwar rijiya ko masai da aka daɗe da rufewa, ga shi kuwa unguwannin da aka gudu aka bari cike suke da su, tana iya tara iskar da ke sumar da mutum cikin ɗan lokaci, wanda ya shiga ceto shi ma ya bi shi. Haka idan aka kunna janareto ko injin jan ruwa kusa da bakin rami, hayaƙinsa kan taru a ciki.

To me ke sa magini, wanda ya san duk wannan fiye da ni, ya yi ganganci? Jinga da tsadar kaya. Kusan duk simintin da ake gini da shi a Bangui daga waje yake zuwa, mafi yawa ta hanyar Duwala, tafiyar kusan kilomita 1,400, a ƙetare iyaka a Garoua-Boulaï da Béloko. Lokacin da 'yan tawayen CPC suka toshe wannan hanya daga Disamba 2020 zuwa farkon 2021, ɗaruruwan manyan motoci suka maƙale a iyaka, farashin komai ya tashi. Ko a zaman lafiya, buhun siminti mai kilo 50 a Bangui ya fi na Duwala tsada nesa ba kusa ba. Mai gini da ya kashe dukiyarsa a siminti da rodi da kwano, idan aka zo kan katakon da za a yi gado da shi, wanda ba zai zauna a jikin ginin ba, sai ya ga asara ce. Hirar ba ta wuce haka:

"Alhaji, katakon nan ba zai isa ba, ana bukatar ƙarin goma, da igiya."

"Haba Malam, ai kai gwani ne. Ka lallaɓa da wanda ke nan, Allah zai kiyaye."

Maginin da ya karɓi jinga ya san duk abin da ya saya daga ribarsa zai fita, duk yinin da aka ƙara kuma kuɗin leburori ne a wuyansa. Sai ya lallaɓa ɗin. Lebura kuwa da ake biya a kan yawan bulon da ya ɗauka ko zurfin ramin da ya haƙa, duk mintin da ya tsaya gyara tsani ragi ne a abincin gidansa. Mafi ƙarancin albashi a hukumance, wanda aka ɗaga a farkon 2022, sefa 29,000 ne a wata. Mutumin da ke wannan mataki ba za a ce ya sayi takalmin aiki da safar hannu daga aljihunsa ba.

Ba wai leburori ba su da nasu laifin ba. Akwai ƙuruciya da son nuna jarumta, akwai wanda za a ba takalmi ya kai kasuwa ya sayar, akwai masu shan ƙwaya irin tiramol don kada su ji gajiya, wadda ke sa mutum ya raina tsawo ya kuma iya jefa shi cikin farfaɗiya yana kan bene. Hula da takalmi kuma a zafin Bangui da gumi ba daɗi gare su ba. Amma ka lura da manyan ayyukan da Bankin Duniya ko hukumar raya ƙasashe ta Faransa ke ba da kuɗinsu, irin aikin hanyoyi da magudanan ruwa da ake ɗaukar matasa da yawa ta hannun hukumar AGETIP. Matasan nan guda ne, daga unguwanni guda, amma a can za ka gan su da riga mai ƙyalli da hula da takalmi. Halinsu bai canza ba. Abin da ya bambanta shi ne mai ba da kuɗi ya rubuta sharaɗin a cikin kwangila, ya ware kuɗin kayan, ya sa mai duba aiki da zai iya hana a biya ɗan kwangila. Wanda ke riƙe da jakar kuɗi shi ake jin maganarsa.

Wannan ya nuna inda ya kamata a matsa. A PK5 masu gini yawancinsu 'yan kasuwa ne, kuma 'yan kasuwar nan suna da ƙungiya da shugabanni, sun kuma nuna a 2019 cewa idan suka haɗa kai ba a taka su. Suna da masallatai da limamai da masu unguwanni waɗanda ke sasanta rigimar fili da ta bashi. Mutumin da ba ya tsoron sufeto yana jin kunyar a kira sunansa a gaban sa'o'insa a ce yaro ya karye a gininsa ya bar shi da mai ɗori ba ko sisi. Idan shugabannin kasuwa suka tsayar da cewa duk wanda zai ɗora bene a layin kasuwa sai ya ware kuɗin katako da igiya daban da jingar magini, kuma shi zai ɗauki nauyin maganin duk wanda ya ji rauni, wannan zai yi aiki fiye da takardar ma'aikata. Da zarar mai gini ya san karaya ɗaya za ta ci kuɗin da ya fi na katako goma, shi da kansa zai riƙa zagayowa yana girgiza gado ya ga ko ya kafu.

Mu Hausawa wannan ba baƙon tsari ba ne a wurinmu. A Kano da Zariya da sauran biranen ƙasar Hausa akwai sarautar Sarkin Magina, mai faɗa a ji a kan masu sana'ar, wanda ke rarraba manyan ayyuka yana kuma sanin wa ya ƙware wa bai ƙware ba. Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarim a ƙarni na 19, bai yi aiki da sufeto ba, amma yaro ba ya hawa ya ɗaura bakan gizo sai ya shekara da shekaru a ƙarƙashin maigidansa. Siminti da bulo sun rushe wannan tsani na koyo, yau wanda ya yi wata shida yana miƙa bulo sai ya sayi cokali ya ce shi birkila ne. Maido da wani abu mai kama da wannan, wato manyan magina na unguwa su san junansu, su amince da wanda zai iya karɓar aikin bene, su kuma iya cewa wane kada a sake ba shi, zai ba maginin kirki ƙarfin da zai ce wa Alhaji a'a ba tare da tsoron wani zai zo ya karɓi aikin a rabin kuɗi ba.

Sai maganar ƙaddara, wadda ita ce ke rufe kowace irin wannan magana a wurin ta'aziyya. Kwanansa ne ya ƙare, haka ne, babu Musulmin da zai yi jayayya da wannan. Amma fiƙihun Malikiyya da malamanmu ke karantarwa a zaure bai taɓa ɗaukar ƙaddara a matsayin abin da ke sauke alhaki ba. Akwai babin diyya a kan kisan kuskure da raunuka, akwai lamuni a kan wanda ya haƙa rami inda bai kamata ba, ko wanda aka gargaɗe shi a kan katangarsa da ta karkata ya ƙi gyarawa har ta faɗa wa wani. Limamin da zai ɗauki wannan babi ya yi huɗuba da shi, ya ambaci tsani da katako da rami da sunansu, ya yi wa leburori aikin da babu wata ƙungiyar agaji da za ta iya yi musu. A gefe guda kuma, wurin gini na cikin wuraren da Musulmi da Kirista ke aiki kafaɗa da kafaɗa a wannan yanki, mai ginin Musulmi, leburori da yawa daga unguwannin Kiristoci. Raunin da aka yi banza da shi a irin wannan wuri zai iya komawa gida da wata fassara dabam, kuma Bangui ta ga yadda ƙaramar magana ke zama gobara.

Gwamnati fa? Tana da rawar da babu mai taka mata. Sufetocin da take da su ba za su iya bin kowane lungu ba, don haka gara ta tattara ƙarfinta a kan abin da ya fi kisa: duk ginin da ya wuce hawa ɗaya, da duk ramin da ya wuce tsawon mutum. A haɗa sharaɗin da takardar izinin gini, a kuma fara da gargaɗi da dakatar da aiki maimakon tara, har mutane su gane cewa wannan zuwan ba na karɓar kuɗi ba ne. A sauƙaƙe hanyar da mai gini zai biya wani abu kaɗan a kan aikin gaba ɗaya don inshorar leburorinsa, tunda rajistar wata-wata ba ta dace da wanda yau yana nan gobe yana wani wuri ba.

Dakatar da aiki ma sai an tsaya a kansa. Benen nan mai hawa 21 da ya rushe a titin Gerrard da ke Ikoyi a Legas ranar 1 ga Nuwamba 2021, ya kashe sama da mutum 40 har da mai ginin, an taɓa rufe wurin a wannan shekarar aka sake buɗewa, wani kamfanin injiniyoyi kuma ya rubuta takarda ya janye hannunsa daga aikin tun 2020. A Kano ma, ranar 30 ga Agusta 2022 wani bene da ake kan ginawa a kasuwar waya ta titin Beirut ya rufta kan mutane. Legas da Kano suna da hukumomin tsara birni da injiniyoyi da kuɗin da Bangui ba ta da su, amma hakan bai hana ba.

Wani abu da ya fito a Ikoyi ya fi shafar PK5 kai tsaye. Da aka fara tono, hukumomi sun kasa faɗin adadin mutanen da ke cikin ginin, domin babu takardar da ke ɗauke da sunayen waɗanda suka shiga aiki a ranar, sai da aka buɗe rajista iyalai suka riƙa zuwa suna ba da sunan wanda bai koma gida ba. A PK5, inda leburori da yawa baƙi ne daga ƙauyuka ko 'yan gudun hijira da suka komo daga Chadi da Kamaru ba su da katin shaida, babban magini zai iya sayen littafi na ɗalibai ya riƙa rubuta sunan kowa da unguwarsa da lambar wani nasa kowace safiya kafin a fara kwaɓa siminti. Da wannan littafin ne za a san wanda za a kira idan an ɗauki mutum a babur zuwa asibiti, da shi ne kuma mai unguwa ko liman ko sufeto zai kafa hujja idan mai gini ya ce bai taɓa ganin yaron ba.